Yadakunya: Darasin Alheri Daga Gidajen Kutare

Ɗan'uwana mai karatu, in kai mutumin Guri ne ko na wani gari a fadamar Haɗeja, ka san cewa ruwan da ke rayar da shinkafarmu ba a kanmu ya zubo ba. A can ƙasar Kano da tsaunukan Jos aka yi shi, ya biyo kogin Haɗeja da na Jama'are, ya iso mana a ƙarshen damina ba tare da mun haƙa masa hanya ba. Manomi yana shuka, masunci yana jefa koma, amma babu ɗayansu da zai ce shi ya kira ruwan. Ina so ka riƙe wannan a zuciya yayin da nake ba ka tarihin yadda mutane da dama a ƙasar Hausa suka fara gane ma'anar alherin Allah, a wurin da kowa yake toshe hanci in zai wuce.

Kalmar alheri tsohuwa ce a bakinmu. Muna cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, muna kuma cewa alheri gadon barci ne. Gaskiya ne, amma ka lura da abin da ke ƙarƙashin maganar: wanda ya yi alheri yana sa ran zai dawo masa. Haka bikinmu yake. Matar da ta kai gudummawa gidan suna tana ƙidaya abin da ta kai, domin ranar nata bikin za a ninka mata. Da aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, wannan kalma ce ta ɗauki nauyin koyarwar Manzo Bulus, sai dai ma'anarta ta zarce ta biki. A Afisawa 2:8-9 Bulus ya koyar cewa ceto kyauta ne daga Allah, ana karɓarsa ta bangaskiya, ba ladan aikin kowa ba ne, don kada wani ya sami abin taƙama. Alheri ne ga wanda ba shi da abin ramawa. Fahimtar wannan da wuya ga mutumin da ya tashi cikin ba ni in ba ka, har sai ya gani da idonsa.

Masu bishara na farko ba su sami ƙofa a buɗe ba. A Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan. Kafin ƙarshen 1894 Kent ya rasu a Bida, Gowans ya rasu a Girku, Bingham kaɗai ya koma gida da rai. Sai a 1902 ƙungiyarsu ta SIM ta kafa tasha a Patigi. A 1900 ayarin Bishop Tugwell na CMS, wanda Dakta Walter Miller yake ciki, ya isa Kano, Sarki Aliyu Babba ya umarce su su fita. Bayan Turawa sun ci ƙasar, Lugga ya yi wa sarakuna alkawari a 1903 cewa ba za a taɓa addininsu ba, don haka gwamnatin mulkin mallaka ta tsare 'yan mishan daga yawancin ƙasashen sarakunan Musulmi fiye da shekara talatin. Haɗeja kuwa, wadda ta yi yaƙi da Turawa a 1906 har sarkinta Muhammadu ya faɗi a fagen daga, tana cikin Lardin Kano, dokar ta shafe ta.

Abin da wa'azi bai buɗe ba, cuta ta buɗe shi. Kuturta ta yi yawa a Arewa a wancan zamani. Wanda ta kama yakan rasa yatsu, ya rasa sana'a, sau da yawa ya rasa aure, ya koma bara a bakin kasuwa ƙarƙashin sarkin kutare. Karin maganarmu ma ya tona mana asiri: kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan langa. Wato kuɗi ne kaɗai ke saya masa mutunci, in babu su ba a ko dubansa. Hukumomin En'e sun buɗe sansanonin kutare, amma ma'aikata sun yi ƙaranci. Daga 1937 aka miƙa wa SIM kula da manyan gidajen kutare na larduna uku, da yardar sarakuna: na Kano a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, na Katsina a Babbar Ruga a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, da na Sakkwato a Amanawa. Albert Helser, wanda ya yi irin wannan aiki a Garkiɗa, shi ya jagoranci shirin. Gidan Lardin Kano ya zauna a wurin da ake kira Yadakunya, kusa da birni, a ƙasar Ungogo ta yau. Da yake na lardi ne, har da mutanen ƙasarmu ta Haɗeja aka yi shi, ga kuma jirgin ƙasa da ya isa Nguru a 1930 ta Malam Madori ya rage nisan tafiya.

Ka tsaya a kan sunan nan kaɗan. Ya da kunya. Mutumin da ya shekara goma yana ɓoye hannunsa cikin riga ya iso inda ake ce masa ya fito da shi a gani. Magani a lokacin mai rauni ne. Allurar wani mai ce da ake samu daga 'ya'yan itacen ƙasar Indiya, mai zafi ƙwarai, ana yin ta wata da watanni, warakar kuma ba tabbas. Saboda haka abin da majinyata suka fara samu a can ba lafiya ba ce. Sun sami wanda zai wanke musu gyambo, ya naɗe, ya dawo gobe ya sake. Sun sami gona, da makaranta inda babba da yaro ke koyon karatu, da wanda zai kira su da sunansu na yanka. A Markus 1:40-42, da kuturu ya durƙusa a gaban Yesu, Ubangiji ya miƙa hannu ya taɓa shi, alhali yana da ikon warkar da shi daga nesa da kalma ɗaya. Taɓawar ta zo ne yayin da mutumin yake cikin cutarsa. Haka Romawa 5:8 ta nuna: Almasihu ya mutu dominmu tun muna masu zunubi, bai jira mu gyaru ba.

Dole in faɗa maka gaskiyar tarihi dukanta, domin alheri ba ya bukatar a yi masa ado da ƙarya. Kuɗin aikin, da yawansa daga baitulmalin En'e ya fito, wato harajin talakawa, yawancinsu Musulmi. Sarakunan da suka yarda sun yi hakan ne don tausayin jama'arsu, muna bin su godiya. 'Yan mishan kuma mutane ne masu rauni, suna zaune ƙarƙashin inuwar mulkin mallaka, wasunsu suna ɗauke da girman kan zamaninsu. Yawancin majinyatan sun zo da Musuluncinsu, sun koma da shi, an kuwa yi musu magani kamar kowa. In da an mai da magani farashin tuba, da ya tashi daga alheri ya zama ciniki. Ka tuna Na'aman a 2 Sarakuna 5. Ya zo da azurfa da zinariya da tufafi don ya biya warakarsa, Elisha ya ƙi karɓar ko ɗaya. Gehazi da ya bi bayansa ya karɓa a ɓoye, shi cutar ta koma wa. Wannan gargaɗi ne ga kowane mai hidima, har da mai rubuta wannan.

Wajen 1950 aka fara ba da ƙwayar dafson, bayan gwajin da Dakta John Lowe ya yi a Uzuakoli a gabashin Nijeriya ya nuna ana iya shan ta ba tare da haɗari mai yawa ba. Mutane suka soma warkewa da gaske, ana sallamarsu. A nan ne aikin alheri na biyu ya bayyana. Cikin waɗanda suka ba da gaskiya, wasu ba su koma gida sun rufe ƙofa ba. Sun zama masu ba da magani a ƙananan ɗakunan shan magani na karkara, da malaman karatu, da masu bishara. Wanda aka wanke wa gyambo jiya shi ke wanke na wani yau. Ikilisiyoyin Hausa da dama da suka shiga ECWA, wadda aka kafa a 1954, suna da irin waɗannan mutane a cikin tushensu. Haka aka yi a Danja kusa da Maraɗi, inda SIM ta buɗe asibitin kutare a shekarun 1950. Yatsun da suka gutsure ba su tsiro ba, amma mutumin ya zama wani dabam.

Wannan ita ce koyarwar Titus 2:11-12, cewa alherin da ke kawo ceto shi ne kuma malamin da ke horar da mu mu rabu da rashin tsoron Allah, mu yi zaman kamewa da adalci. Tun ƙarni na biyar ikilisiya ta yi muhawara a kai. Filajiyas ya koyar cewa mutum yana iya bin dokar Allah da ƙarfin nufinsa. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ya amsa cewa ko son yin nagarta ma Allah ne ke dasa shi a zuciya, taron Kartaj na 418 kuma ya tsaya a kan haka. Aikin kirki 'ya'ya ne, alheri ne saiwa. Shi ya sa Afisawa 2:10 ta biyo bayan aya ta tara nan da nan: ba ayyuka suka cece mu ba, amma domin ayyuka nagari aka sake halittarmu.

Na koyi wannan da kunya a shekarata ta farko a hidima. Ranar Jibin Ubangiji wani dattijo ya miƙo hannuwa biyu da babu cikakken yatsa ko ɗaya a jikinsu. Na saki gurasar daga sama don kada fatata ta taɓa tasa. Ya karɓa, bai ce kome ba. Bayan sujada ya same ni, ya ce, "Fasto, kada ka damu, na warke tun ba a haife ka ba." Sa'an nan ya yi mini addu'a. Ni da na rubuta jarrabawa a kan alheri a makarantar tauhidi, ranar nan na karɓe shi daga hannun da na guje wa.

Yanzu mun san abin da kakanninmu ba su sani ba. Tun 1873 likita Hansen na ƙasar Norwe ya gano cewa ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta. Ba la'ana ba ce, ba kuma sakamakon zunubin wani ba. Tana warkewa da haɗin magunguna cikin wata shida zuwa goma sha biyu, ana kuwa ba da su kyauta a duniya tun 1995. In ka ga tabo a fatarka wanda ba ya jin taɓawa, ka je asibiti da wuri, kafin jijiya ta lalace. Ka gaya wa maƙwabcinka ma, ko wane addini yake bi.

Amma kowane zamani da kutarensa. A cikinmu akwai yarinyar da ta yi ciki ba aure, da saurayin da ƙwaya ta cinye, da matar da yoyon fitsari ya raba da mijinta, da ɗan'uwan da ya faɗi cikin zunubi a fili. Mu da muke kaɗan a Jigawa muna yawan tsoron abin da za a ce game da mu, sai mu tsare sunanmu ta wurin korar masu rauni. Ka ga yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamarmu, ruwan ya taru inda ba a bukatarsa, gonakin gaba suka bushe. Mai bi da ya karɓi alheri ya hana shi wucewa haka yake. Cikin kutare goma da aka warkar a Luka 17, ɗaya kaɗai ya komo ya yi godiya, shi kuwa Basamariye ne, bare. Ina roƙonka, kafin Lahadi mai zuwa, ka tuna da mutum ɗaya da ka daɗe kana kauce wa hanyarsa. Ka je gidansa, ka zauna a tabarmarsa, ka sha ruwa a ƙwaryarsa. Ubangiji ya ba mu ƙarfin yin haka. Amin.