Asalin NetSurf, Burauzar Ƙananan Kwamfutoci

A shekarar 1998, lokacin da kamfanin Acorn na birnin Kambirij a Ingila ya daina ƙera kwamfutoci, ya bar wata jama'a riƙe da RISC OS, wato babbar manhajar da ke tafiyar da injinansu, alhali kuwa duniya ta riga ta karkata ga Windows, manyan masu yin burauza kuma ba su ga wata riba ba wajen waiwayar waɗannan tsiraru. Burauzocin da suka rage musu, irin su Fresco da Oregano, sannu a hankali zamani ya wuce su, har ya zamana mutum zai buɗe shafi ya tarar rubutu ya hau kan hoto, layuka sun watse, maɓallin da yake nema kuma ya ɓace.

Wannan larura ce ta sa a watan Afrilu na 2002 waɗansu masu himma, ba don albashi ba, suka soma rubuta NetSurf da harshen C. Abin da na fi jinjina musu a kai shi ne ba su ari injin burauzar kowa ba: tun da injin Mozilla ya fi ƙarfin kwamfutocinsu, sai suka yi ijtihadi suka gina nasu tun daga tushe, suna tattalin kowane gurbi na ƙwaƙwalwar na'ura kamar yadda matafiyin hamada ke tattalin ruwan salkarsa, har burauzar ta iya aiki a injin da ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce megabait 16 ba. Sai da suka shekara biyar kafin fitowa ta farko ta kammala a 2007, bayan sun riga sun kai ta Linux. Ta biyu kuwa, a 2009, ta isa AmigaOS da BeOS da magajiyarsa Haiku, waɗanda su ma marayu ne a wannan fage.

Sai dai intanet ba ta tsaya jiransu ba. Shafuka suka koma dogaro da JavaScript, wanda har yau NetSurf ba ta ƙware a kansa ba, saboda haka YouTube da shafukan banki sukan gagare ta. Mutanen Haiku, da suka hango wannan mushkila, sai suka ɗora burauzarsu WebPositive bisa injin WebKit, suka yarda da nauyinsa domin shafuka su buɗu.

Ga wanda bukatarsa karatu ce, ko labarai ko Wikipedia, kuma injinsa tsoho ne ko ƙarami irin Raspberry Pi, shawarata ita ce ya fara da NetSurf, domin za ta isar masa. Mai harkar banki da bidiyo kuwa ya nemi wadda ke kan WebKit.