Yadda Manyan Baƙaƙe Suka Haɗu da Ƙanana

A gindin dogon ginshiƙin da aka kafa wa Sarki Tarajan a birnin Rum a shekarar 113 Miladiyya, akwai layi shida na Latin da aka sassaƙa a dutse. Duk wanda ya yi boko zai gane baƙaƙen ko da bai ji harshen ba, sai dai ba zai ga ƙaramin baƙi ko ɗaya ba. Rumawa da Girkawan wancan zamani ba su raba baƙaƙe gida biyu ba.

Dutse na son miƙaƙƙen layi, amma hannun da ke gudu da alƙalamin kara a kan fata lanƙwasawa yake yi. A haka baƙaƙen suka riƙa yin kumbo a littattafai. Kundin Sinai, Baibul na Girkanci daga ƙarni na 4, gaba ɗaya da manyan baƙaƙe aka rubuta shi, kalmomi manne da juna babu tazara. Lallai makarancin wancan lokaci ya sha aiki, don shi zai gano inda kowace kalma ta tsaya.

Ƙananan baƙaƙenmu sun daidaitu ne a zamanin Sarki Sharlaman, a gidajen ibada irin na Tours a Faransa, inda malami Alcuin ya zama shugaba a 796. Girkawa ma sun bi tasu hanyar; littafi mafi tsufa mai kwanan wata da ƙananan baƙaƙensu na 835 ne.

Abin da ya fi burge ni ya faru a Italiya wajen 1400. Masana irin su Poggio Bracciolini sun tono tsofaffin littattafan marubutan Rum da aka kwafe da hannun zamanin Sharlaman, suka so tsabtarsa, suna ganinsa hannun magabata. Suka kwaikwaye shi, suka ɗora masa manyan baƙaƙen duwatsun Rum, alhali kusan shekara 700 ce tsakanin biyun. A 1470 Nicolas Jenson ya zuba wannan haɗi cikin dalma a Venis, ɗab'i kuma ya kafe shi. Ɗinkin bai ɓace nan take ba: da Aldus Manutius ya fito da kishingiɗaɗɗen rubutu a 1501, manyan baƙaƙensa a tsaye suka zauna.

Ajami bai gaji wannan rabuwa ta manya da ƙananan baƙaƙe ba, domin Larabci ba shi da shi. Boko kuwa ya gada, shi ya sa sai da aka sama wa ɓ, ɗ da ƙ manyansu: Ɓ, Ɗ da Ƙ.