Daga Ƙirgi Zuwa Jirgin Sanyi: Tarihin Arzikin Shanu a Ajantina

Ajantina tana cikin ƙasashe 'yan kaɗan da shanunsu suka fi mutanensu yawa, domin ƙidayar shekarar 2022 ta nuna mutum kusan miliyan 46 ne ke zaune a ƙasar, alhali garkunanta sun haura kai miliyan 50. A kowace shekara akan yanka shanu miliyan 13 zuwa 14, a samu nama tan miliyan 3 da 'yan kai, wanda wajen kashi 70 cikin ɗari a tukunyar gida yake ƙarewa, ragowar kuma a loda shi a jiragen ruwa ya kawo wa ƙasar abin da ya kai dala biliyan 3. Sai dai yawan garke kaɗai bai taɓa azurta Ajantina ba. Abin da ya mayar da saniya dukiya shi ne samun dabarar kai namanta hannun mai saye kafin ya ruɓe, kuma tun da aka samu dabarar ba a daina jayayya ba a kan wanda ya fi cancanta ya ci naman, baƙo mai biya da kuɗin waje ko ɗan gida mai jefa ƙuri'a.

Babu saniya ko ɗaya a wannan yanki kafin zuwan Turawan Sifaniya. Lokacin da Juan de Garay ya sake kafa garin Buenos Aires a 1580 ya gangaro da shanu daga Asuncion ta ƙasar Paraguay, waɗanda suka ɓalle daga cikinsu kuwa suka tarar da Pampas, wato shimfiɗaɗɗen fili mai ciyawa da ruwa wanda ido ba ya ganin ƙarshensa, suka yi ta hayayyafa ba makiyayi ba turke, har suka koma tamkar namun dawa. Daga farkon ƙarni na 17 majalisar gari ta shiga ba da izinin farautarsu. Mahaya sukan fita da doguwar gora mai lanƙwasasshiyar wuƙa a bakinta kamar jinjirin wata, su bi garke a sukwane suna tsinke wa shanu agara ɗaya bayan ɗaya, sai sun kayar da masu yawa sannan su dawo su yanka, su feɗe ƙirgi, su kwashe kitse, wani lokaci da harshe, su bar gangar naman ga ungulaye da karnuka. Wannan ɓarna, wadda mahaucin da ba ya yar da ko ƙashin miya zai yi wuyar yarda da ita, tana da dalilinta, tun da ƙirgi yana jure tafiyar watanni zuwa Turai, nama kuwa kwana biyu ya ishe shi ya lalace.

Gishiri ne ya fara ba naman daraja. Daga 1810 aka soma buɗe mayankun da ake yanyanka nama a cuɗe shi da gishiri a shanya, kuma Juan Manuel de Rosas, wanda daga baya ya mulki lardin Buenos Aires da hannun ƙarfe, yana cikin waɗanda suka buɗe irinsu a 1815. Kada mai karatu ya kawo kilishi a ransa, don wannan busasshen nama mai tauri ne da wari, Turawa ba sa cin sa, kasuwarsa ita ce gonakin Barazil da Kuba inda ake ciyar da bayi da shi. Saboda haka har bayan tsakiyar ƙarni na 19 ƙiraga da gashin tumaki ne ke riƙe da cinikin waje na ƙasar.

Shekarun 1870 da 1880 ne suka juya al'amarin. A ƙarshen 1876 wani jirgin ruwan Faransa mai suna Le Frigorifique ya iso Buenos Aires ɗauke da naman da na'urar sanyi ta injiniya Charles Tellier ta adana, a 1883 kuma jarin Ingila ya kafa mayanka mai ɗakunan ƙanƙara a garin Campana. A tsakanin nan, a 1879, Janar Julio Roca ya jagoranci yaƙin da ya ƙwace filayen kudu daga 'yan asalin ƙasar, aka kashe wasu aka tarwatsa wasu, aka raba miliyoyin kadada ga tsirarun iyalai, kuma wannan rabon ne tushen manyan gandayen kiwo da ake kira estansiya. Masu gandayen, waɗanda suka riga suka kafa ƙungiyarsu ta Sociedad Rural tun 1866, sun gane cewa ramammiyar saniyar daji mai dogon ƙaho ba za ta shiga kasuwar Landan ba, don haka suka kewaye filayensu da waya, suka sayo bijimai irin Shorthorn da Hereford da Angus daga Birtaniya don gyara iri. Ciyawa ma sai da aka sauya ta, ta hanyar ba baƙin Italiya da Sifaniya hayar fili na kimanin shekara uku su noma alkama, bisa sharaɗin in za su tashi su bar shi shuke da alfalfa, wata ciyawa dangin harawa mai saurin sa ƙiba.

A 1900 Birtaniya ta hana shigar da shanun Ajantina masu rai saboda boru, cutar nan ta baki da kofato, abin da ya sa dole kowace saniyar fitarwa ta bi ta mayankar kamfani. Da kamfanin Swift na Amurka ya shigo a 1907, Armour na biye da shi, sai ciniki ya karkata daga daskararren nama zuwa wanda aka sanyaya kawai ba a daskarar ba, domin ya fi ɗanɗano ya kuma fi tsada, illa dai ba ya wuce kwana 40, wanda da ƙyar yake isar tafiya daga mayanka zuwa kantin Landan. Wannan ƙurarren lokaci ya raba masu shanu gida biyu. Akwai masu kiwon haihuwa a nesa, masu sayar da maruƙa, akwai kuma masu turka a filayen alfalfa kusa da layin dogo, waɗanda su kaɗai kamfanoni ke hulɗa da su. Duk lokacin da farashi ya faɗi, kamfani yakan sauke asarar a kan mai turka, shi kuma ya sauke ta a kan mai maruƙa, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Hatsarin dogaro da mai saye ɗaya ya fito fili bayan karyewar tattalin arzikin duniya. Amurka ta riga ta rufe ƙofarta a 1927 da hujjar boru, sannan a taron Ottawa na 1932 Birtaniya ta yanke shawarar fifita naman ƙasashen daularta irin su Ostiraliya. Cikin firgici gwamnati ta aika mataimakin shugaban ƙasa, ɗan Janar Roca, ya sa hannu da Birtaniya a yarjejeniyar Roca da Runciman a ranar 1 ga Mayun 1933, wadda ta tabbatar wa Ajantina kason kusan tan 390,000 a shekara, amma kashi 85 cikin ɗari nasa a hannun kamfanonin baƙi, ga kuma rangwame iri-iri ga kwal da jarin Ingila. Sanata Lisandro de la Torre ya binciki ribar kamfanonin, har aka gano littattafan lissafin kamfanin Anglo a ɓoye cikin akwatunan naman gwangwani a wani jirgi mai shirin tashi. Ana tsakiyar muhawara kan binciken a ranar 23 ga Yulin 1935 aka harbe abokin siyasarsa Enzo Bordabehere a cikin zauren majalisar dattawa, binciken kuma ya mutu ba tare da an gyara komai ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ɗan gida ya zama babban mai saye. A 1956 cin naman shanu ya kai kusan kilo 100 ga kowane mutum a shekara, gashin asado, ɗan'uwan balangu, ya zama abincin ranar Lahadi hatta a gidan lebura, farashin kilo kuwa ya zama ma'aunin da ake auna gwamnati da shi. Gwamnatoci da dama, har da ta Juan Peron, sun ware ranakun da aka hana sayar da nama don a samu na fitarwa, wasu kuma suka yi akasin haka. A watan Maris na 2006 Shugaba Nestor Kirchner ya dakatar da fitar da nama na kwana 180 don ya karya farashi, kuma ko da yake nama ya yi araha na ɗan lokaci, makiyaya sun shiga yanka shanun haihuwa suna mayar da filayensu gonakin waken suya, farin 2008 da 2009 ya zo ya ƙarasa, garken ƙasa ya ragu da kusan kai miliyan 10 cikin 'yan shekaru, farashin ya dawo ya zarce na da. Duk da wannan darasi, Shugaba Alberto Fernandez ya sake rufe ƙofar na kwana 30 a watan Mayun 2021.

A yau waken suya ya ninka nama sau da yawa wajen kawo kuɗin waje, Barazil ta daɗe da karɓe matsayi na ɗaya a kasuwar duniya, ɗan Ajantina kuma ba ya cin kilo 50 cikakku a shekara, kaza na neman kamo saniya a farantinsa. Tsohuwar karar Liniers, wadda ta shafe fiye da shekara 120 tana tsayar da farashi a cikin Buenos Aires, ta tashi zuwa garin Canuelas a 2022. Dogaro da mai saye ɗaya dai bai tafi ko'ina ba, tun da kujerar da Landan ta bari Sin ce ke kanta, tana ɗaukar wajen kashi 70 cikin ɗari na naman da ake fitarwa. A watan Fabrairun 2025 gwamnatin Javier Milei ta soke dokar 1973 da ta hana fitar da shanu masu rai don yanka.