Taba da Dokar Hana Tallarta a Jihar Maraɗi

Tun da daɗewa manoman fadamar Gulbin Maraɗi, wanda ya ratsa gundumar Gidan Rumji, suke noman taba da rani. Ana daka ganyenta da kanwa a yi taba gari, mata kuma suna goge haƙora da furenta. Daga baya sigarin kamfanoni ya shigo kasuwanni da teburan bakin titi, har Agye da Gazawa, tare da allunan talla masu jan hankalin matasa.

A 2005 Nijar ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan yaƙi da taba. Dokar ranar 15 ga Mayu 2006 ta hana tallar taba, ta kuma hana shanta a makarantu, don kare yara tun kafin su saba.