Anini da Kwabo Mai Huji



Kwanakin baya na shiga Kasuwar Kurmi neman littafi, sai na tarar da wani dattijo da kwano cike da tsofaffin kuɗi. Na zaɓi kwabo uku masu huji da anini ɗaya, a kan abin da bai kai kuɗin abincin rana ba.

Da yawanku sunan anini kawai kuka sani. Shi ne kashi ɗaya cikin goma na kwabo, Turawan mulkin mallaka suka buga shi a 1907 domin ya maye gurbin wuri. Da alminiyam aka fara yin sa, bai jure ba, aka sauya ƙarfen a 1908. Abin da ya ja hankalina shi ne rubutun Larabci a jikinsa, domin sun san da waɗannan baƙaƙe iyayenmu suke karatu.

Ɗaya daga cikin kwabban na 1936 ne, ɗauke da sunan Sarki Edward na takwas, wanda ya yi murabus a Disambar shekarar. Ingila kanta ba ta saki kuɗi da sunansa ba.

A kansa na tafka kuskure. Ganin ya dushe, na dirje shi da toka da lemun tsami kamar tukunya. Ya yi ƙyalli, amma duk ya kakkarce, ashe masu tara irin wannan kuɗi ba sa daraja wanda aka goge. Sauran na jiƙa su a ruwan ɗumi da ɗan sabulu, na tsane su da tsumma mai laushi, na bar musu duhunsu.