Fuskar Tutu da tambayar da ta gada

A ranar 28 ga Fabrairun 2018, kamfanin gwanjo na Bonhams da ke Landan ya sayar da zanen wata budurwa Bayarabiya a kan fam miliyan 1.2. Sunan zanen Tutu, kuma Ben Enwonwu ne ya yi shi a 1974. Shekara da shekaru ba a san inda yake ba, sai a ƙarshen 2017 aka gano shi rataye a wani gida a arewacin Landan.

Darajar wannan zane tana da tushe mai nisa. A farkon ƙarni na 20, Turawan mulkin mallaka sun ɗauka cewa baƙar fata ba zai iya zana mutum yadda kamanninsa suke ba. Aina Onabolu, haifaffen Ijebu-Ode a 1882, ya ƙaryata su da aiki: ya koya wa kansa zane, ya riƙa zana manyan mutanen Legas cikin shigarsu ta alfarma, sannan ya tafi Landan da Faris ƙarin ilimi a 1920. Shi ne ya matsa wa gwamnati ta sa zane cikin darussan makaranta, abin da ya kai ga zuwan malami Kenneth Murray a 1927. Cikin ɗaliban Murray akwai Enwonwu, ɗan Onica.

A zamanin Onabolu, abin da ake jayayya a kai shi ne ko ɗan Afirka ya isa ya zana kansa. Da Enwonwu ya zama farfesan zane a Jami'ar Ife a 1971, tambayar ta sauya. Yaƙin basasa ya ƙare a 1970, zukata ba su huce ba, ana tababar ko 'yan Nijeriya za su sake kallon juna da idon rahama. A wannan yanayi ne mai zane ɗan ƙabilar Ibo ya nemi izinin dangin Adetutu Ademiluyi, jikar gidan sarautar Ife, ya zana ta har sau uku. Ta juyar da fuska gefe, ɗankwali a ka, mayafi a kafaɗa, cikin natsuwa. Kwafin hoton ya bazu a gidaje, jama'a suka ɗauke shi alamar sulhu, duk da cewa ba a rubuta komai a jikinsa ba.

Masu zanen yau sun gaji tambayar, sai dai sun mayar da ita kan kansu. Njideka Akunyili Crosby, 'yar marigayiya Dora Akunyili, an haife ta a Inugu a 1983, ta koma Amurka tana da shekara 16. Takan zana kanta zaune a ɗaki, sau da yawa tare da mijinta Ba'amurke, sannan ta lulluɓe bango da tufafi, har da fatar jiki, da ƙananan hotuna daga mujallun Nijeriya da kundin hotunan danginta. Mai kallo zai ga mace ɗaya, amma in ya matso sai ya tarar da ɗaruruwan fuskoki a cikinta, kamar tana cewa mutum taron waɗanda suka raine shi ne.

Daga Onabolu zuwa gare ta, kowane zamani ya ɗora wa fuskar da aka zana nauyin da ya dame shi. Sauran zane biyun na Tutu kuwa, har yau ana cigiyarsu.