Yaƙin Teku A Bisa Tebur

Akwai wani wasa da a ke yi a ƙasashen Turai da Amurka, wanda in kun gan shi sai ku ce na yara ne, alhali kuwa manya ke yinsa. Su kan shimfiɗa shuɗin zane a bisa tebur, su ce wannan shi ne teku. Sa'an nan su jera 'yan jiragen ruwa na itace ko na dalma, kowane bai fi tsawon ɗan yatsa ba, an sassaƙa su da siffar jiragen yaƙi na dā, waɗanda iska kaɗai ke turawa. Mutum biyu su zauna, kowa da rundunarsa, su yi ta gwada wa juna dabara kamar masu dara. Yau za mu ba ku labarin wani mutum da ya yi irin wannan wasa tun wajen shekarar 1780, har abin ya kai kunnen sarakunan yaƙin Ingila.

Amma bari mu fara bayyana muku yadda a ke yaƙin teku a zamaninsa. Jirgin yaƙi na lokacin nan da katako a ke yinsa, da dogayen itatuwa uku a tsaye, inda a ke ɗaura manyan zannuwan da iska ke bugawa, watau filafilai. Da yawansu igwa 74 su ke ɗauka, manyan kuwa har su kai 100. Igwogin nan a haƙarƙarin jirgi su ke, dama da hagu, goshi da baya kuwa 'yan kaɗan ne. Saboda haka dokar mayaƙan ruwan Ingila ta ce jirage su jeru a layi guda, wannan na bin wannan, kowa ya ba abokin gaba haƙarƙari ya yi ta harbi.

Dokar nan ta zame wa sarakunan yaƙi ƙarfen ƙafa. A shekarar 1744 wani mai suna Mathews ya fita daga layi ya auka wa abokan gaba, daga baya aka yi masa shari'a aka kore shi daga aiki. A shekarar 1756 kuma Byng ya haɗu da Faransawa kusa da tsibirin Minorca cikin Bahar Rum, ya tsaya gyaran layi, yaƙin bai yi kyau ba, ya janye, tsibirin ya faɗa hannun Faransa. Aka ce bai yi iyakar ƙoƙarinsa ba, aka harbe shi a bisa jirgi ran 14 ga Maris 1757. Har wa yau ran 5 ga Satumba 1781 jiragen Ingila 19 suka kara da na Faransa 24 a bakin gaɓar Amurka, aka rabu ba kare bin damo. Amma da ya ke Ingilishi ba su iya buɗe hanya ba, sojansu da aka tsare a garin Yorktown suka rasa gudummawa, suka miƙa wuya cikin watan Oktoba. Daga nan Amurka ta kama hanyar kuɓucewa daga hannun Ingila.

To, a ƙasar Sikotilan akwai wani mutum wai shi John Clerk, an haife shi a 1728, ya yi ciniki a birnin Edinbara, daga baya ya sayi gona a wani wuri da a ke kira Eldin. Bai taɓa yin aikin soja a jirgi ba. Amma abin nan ya dame shi, don me jiragen Ingila, ga ƙwararrun matuƙa, ga maharba, su kan fita yaƙi su komo hannu banza? Sai ya sami 'yan jiragen itace, ya riƙa yawo da su cikin aljihu. Duk inda ya sami tebur sai ya zube su, ya ɗauko labarin wani yaƙi da aka buga, ya jera su yadda aka ce sun tsaya, ya yi ta matsar da su ɗaya ɗaya.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Abin da sarkin yaƙi ba ya iya gani saboda hayaƙin albarushi, Clerk ya gan shi sarai daga sama. Ya lura Faransawa su kan tsaya wajen da iska ta nufa, su jira. In jiragen Ingila suka gangaro musu, goshi su ke ba su, ba su da halin ramawa, sai Faransawa su yi ta harbin itatuwa da igiyoyin filafilai har na gaba su gurgunce. Sa'an nan su juya, iska ta tafi da su, su sake jeruwa can nesa. Clerk ya ce maganin wannan shi ne a daina shimfiɗa ƙarfi a kan layin abokan gaba duka. A tara jirage a kan sashe guda, ko kuwa a ratsa layin a yanke shi, a cinye wannan sashe kafin sauran su juyo, gama juya babban jirgi ya tari iska aiki ne mai cin lokaci. Ya buga wannan bayani da zane-zane a 1782, littattafai kaɗan don abokai, sa'an nan a 1790 aka buga shi don kowa.

Cikin shekarar 1782 ɗin nan, ran 12 ga Afirilu, sarkin yaƙin Ingila Rodney ya gamu da na Faransa, de Grasse, kusa da tsibiran Saintes, yamma da tekun Atalantika. Ana cikin yaƙi iska ta sauya, layin Faransawa ya buɗe, jiragen Ingila suka ratsa ta tsakiya. Suka kama jirage biyar, har da wanda de Grasse ke ciki. Daga baya gardama ta tashi. Masoyan Clerk suka ce dabararsa ce Rodney ya ji, ɗan Sir Charles Douglas, babban mataimakin Rodney, ya ce shawarar ubansa ce, waɗansu kuma suka ce iska ce ta buɗe ƙofa, Rodney ya shiga. Ko ta wane ne, an dai ga amfaninta. Ran 21 ga Oktoba 1805, a Trafalgar, Nelson ya raba jiragensa 27 layi biyu, ya soki tsakiyar jiragen Faransa da Sifen 33. Abokan gaba suka yi hasarar jirage 18, Ingila ba ta rasa ko ɗaya ba, ko da ya ke Nelson kansa ya rasu a ranar. Clerk na da rai sa'ad da labarin ya zo, sai 1812 ya rasu.

Shi Clerk shi kaɗai ya ke matsar da rundunonin duka biyu. Waɗanda suka biyo baya su suka sa wa abin dokoki ya zama wasan mutum biyu. A 1887 aka fara koyar da hafsoshi da irin wannan wasa a makarantar mayaƙan ruwa ta Newport a Amurka, a 1898 kuma Fred Jane ya buga dokokin nasa a Ingila, amma su jiragen hayaƙi suka sa gaba. A 1972 Gary Gygax da abokansa biyu suka buga dokokin wasa na jirage masu filafilai. Cikin irin wannan wasa a kan aza kibiya ta nuna inda iska ke fitowa, a auna tafiyar kowane jirgi da rula, ba mai ikon tura jirginsa ya tari iska kai tsaye. In an yi harbi sai a jefa ɗan ƙashin nan mai fuska shida irin na wasan lido, a rubuta ɓarnar da aka yi, ko itace ne ya karye, ko igwa ce ta lalace.

Amma kada ku zaci tebur daidai ya ke da teku. A bisa tebur babu hayaƙi, babu tsoro, ba wanda ke mutuwa. Jiragen Nelson na gaba sun daɗe suna shan harbi kafin su isa layin abokan gaba, gama iska ta yi sanyi a ranar, kuma zuciyar mazaje ce ta kai su, tare da ƙwarewar maharba. Abin da tebur ya yi shi ne ya nuna inda kuskure ya ke, kuskuren da manya suka shekara da shekaru suna maimaitawa. In kuna so ku gwada, ku sami ɓawon gyaɗa ashirin, ku jera su goma goma a bisa benci, ku aza tsinke ya nuna iska, ku ga da idonku dalilin da ya sa jirage shida a kan uku suka fi goma a kan goma.